Ribas Sai da Sanyin Safiya

Ka taɓa ƙirga sau nawa kake sa mota ribas daga fitarka gida zuwa dawowarka? Tambayi kowane direba, zai ce biyu ko uku. Sa masa ido ka gani: fita daga gida ɗaya, gyara tsayuwa a bakin shago biyu, kauce wa wanda ya tare hanya uku, kafin rana ta yi sanyi ya haura goma bai sani ba. To, akwai mutumin da ya yi shekaru yana raba ƙwai shago-shago, rabonsa ribas ɗaya tak a yini, shi ma sai da sanyin safiya. Masu shaguna suna kiransa Sai-Gaba. Yayarsa kuwa, wadda ta raine shi kuma take da motar, har yau Auta take ce masa, duk da furfurar da ta fara cin gemunsa.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce, irin mai canza giya da kanta. Da can fara ce, yanzu ta koma launin haƙorin mai yawan shan shayi. Mijin Yaya ne ya saye ta lokacin da suka kafa gonar kaji a bayan gari, shi ya riƙa janta har Allah ya yi masa rasuwa. Daga nan makulli ya faɗo hannun Auta, wai ya riƙe na ɗan lokaci kafin a sami direba.

Ciwon motar biyu ne. Na farko yana cikin giyabos. Da sassafe, man giya yana da sanyi da kauri, idan ka ja sandar zuwa ribas sai ta yi jim, ta yi ƙwas, ta kama. Da zarar mota ta ɗauki zafi man ya tsinke, magana ta ƙare. Ka sa ribas, ka taka totur, inji ya yi ta kururuwa, taya ko gezau.

Na biyu yana dashbod, wato allon da ke gaban direba. Allurai huɗu ne a jikinsa: maleji mai nuna gudu, da ta mai, da ta zafin inji, da ta batir. Fitilun gargaɗi bakwai, uku daga ciki an like su da baƙin salatif tun zamanin marigayi saboda sun ƙi mutuwa. Robar saman kuwa rana ta tsattsaga ta gida biyar, an lulluɓe ta da tsohon tawul. Idan gidan gaba ya yi zafi, ko taya ta faɗa rami, sai alluran nan huɗu su zube lokaci guda kamar an tsinke musu jijiya. Da zubewar ce kawai da sauƙi. Amma a irin wannan mota, daga maleji giya take jin labarin gudun da ake yi. In maleji ya mutu sai ta rikice, ta rasa lambar da za ta shiga, ta harba kamar jakin da aka tsikara. Ga ƙwai kiret kan kiret a baya.

Maganin abin mari ne, amma ba ko'ina ba. Tsakanin kafar iska da gilashin maleji akwai wani wuri, faɗin tafin hannu, da ya yi sheƙi saboda duka. Nan za ka buga, da tushen tafin hannu, ba da dunƙule ba, ba da yatsu ba, bugu ɗaya mai nauyi kamar kana tashin ɗan'uwa daga barci. Sai allurai su miƙe. Kuma dole ka riga giya farga, in ba haka ba marin ya zama na banza. Shi ya sa Auta yake tuƙi da hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan a rataye cikin iska, ido ɗaya a titi, ɗaya a maleji. Kafaɗarsa ta wannan gefen ta fi ɗayar tsawo yanzu. Matarsa, mai ɗinki, ita ta fara lura, don sai ta rage masa hannun riga ɗaya kafin ta zauna masa daidai.

Shaguna ashirin da uku yake kai wa ƙwai, ya jera su a kansa ta yadda hancin motar ba ya taɓa fuskantar abin da ba zai iya wucewa ba. A wajensa titunan gari kashi biyu ne kawai: masu ɓullewa da marasa ɓullewa. Ba ya shiga layin gidan mai idan ya hango motar gaba an ɗaga mata bonet. Ba ya tsayawa a bayan motar da direbanta ya fita da makulli a hannu. Gidan burodi, wanda shi ne babban mai sayensa, sai ya zagaye layi uku kafin ya iso ƙofarsa ta inda zai iya ficewa. Abin ya bi jikinsa har ko ɗakin mutane ya shiga, sai ya duba ta ina ake fita kafin ya nemi wurin zama.

"Sai-Gaba, ɗan ja baya kaɗan mana, ka tare mini ƙofa," in ji wani mai shago, kullum sai ya faɗa, yana danne dariya.

"Sai dai ka ja shagon gaba," in ji Auta, yana sauke kiret.

Direbobi uku aka gwada don su riƙa karɓarsa. Na farko ya kai wa dashbod naushi, ya fasa gilashin maleji. Na biyu ya kutsa layin 'yan kayan miya da tsakar rana, sai da ƙarti takwas suka turo motar waje, mata suna ta yi masa ruwan baƙar magana. Na uku ya ajiye ta a bakin titi, ya bar wa mai gadi makulli, ko sallama bai dawo ya yi ba. Daga nan aka daina nema. Su kuwa kaji ba su san hutu ba. Ranar da matarsa ta haifi 'yar autarsu, yana shago na sha ɗaya aka kira shi. Haƙorin da ya dame shi, tsakanin shago na sha bakwai da na sha takwas aka cire masa, ya ƙarasa rabon da auduga a baki.

Akwai kuma abin da bai taɓa gaya wa Yaya ba. Komai saurin hannunsa, a yini giya takan riga shi sau ɗaya ko biyu. Sai ya tsaya a gefen hanya, ya tsince ƙwan da suka tsage, ya cike gurbinsu daga aljihunsa, ya zuba fasassun a wata roba mai murfi ya kai gida. Yaya ce ta yi masa uwa tun yana rarrafe, ba ya son ya ƙara mata damuwa a kan ta rashin miji da ta kaji. Don haka abin da take gani kullum shi ne mota ta fita a cike, ta dawo wayam, ba ko ɓawo.

"Motar maigidana ta fi sababbin nan amana," haka take gaya wa duk wanda ya zo gonar.

Mai gyaran wayar mota da ke ƙarƙashin wata rumfar kwano, wanda kowa ke kira Mai-Waya, ya daɗe da gaya wa Auta gaskiyar lamarin. "Dalmar bayan allon ce ta tsattsage. Sukurori shida ne, in cire, in bi ta da wuta in like. Giyabos kuwa sai an sauke shi, robobin ciki sun cinye, wannan aikin maƙwabcina ne, kuma sai mota ta kwanta mako guda. Kai dai ci gaba da marinta. Wata rana za ta rama."

Da Auta ya kai wa Yaya maganar, ko ɗago kai ba ta yi ba daga buhun abincin kaji da take kwancewa.

"Mota na tafiya lafiya lau, in kai ta a farke mata ciki? Wa zai kai ƙwai a makon, kai da ka? Bar ni da masu garejin nan, Auta. Su ba sa ganin abu na tafiya su ƙyale shi."

Haka aka yi ta tafiya, har ranar da ƙanin matarsa, wanda yake aikin sito a wani kamfanin raba magunguna, ya zo da labari. Za a ɗauki direbobi. Motoci sababbi, aiki na karɓa-karɓa, hutun rana ɗaya kowane mako. Za a yi gwajin tuƙi da safe, mako na sama. Ya yi ta lissafo sauran alheran aikin, amma Auta bai ji komai ba bayan hutun rana ɗaya. Safiya guda kawai yake bukata ya je gwajin, kuma ita ce ba shi da ita. In ma ya ci, ya tafi ya bar wa wa motar da shi kaɗai take ji wa magana?

Da yamma ya shigo gida da robarsa mai murfi. Matarsa ta tsayar da keken ɗinki, ta karɓa, ta buɗe, ta mayar da murfin, ta dire masa a gaba.

"Baban yara, daga yau fasasshen ƙwai ya daina shigo mini gida. Soyayye da safe, dafaffe da rana. Jiya na ji ƙaramarsu tana wani kuka, na rantse na zaci kaza ce ta shigo."

"Ke dai ba kya rasa abin faɗa."

"Ina da shi kuwa. Kana ta cewa mota ta ɗaure ka. Ba mota ba ce, hannun nan naka ne. Gobe ka ɗauki Yaya ku fita tare, ka riƙe sitiyari da hannu biyu kamar kowane direba."

"Ƙwai za su fashe."

"Da ma suna fashewa. Mu ne muke cinye shaidar."

Ya daɗe yana kallon robar. Ita kuwa ta koma kan kekenta.

Dalilin ɗaukar Yaya bai yi wuyar samu ba, don mai gidan burodi ya jima yana son su gana a kan ƙarin ƙwai. Washegari ta shigo gidan gaba da jakarta, ta gyara zama. Auta ya ja sanda zuwa ribas, motar ta yi jim, ta yi ƙwas, ta fito daga rumfa sumul.

"To, ga ribas ɗin da ake ce mini babu," in ji Yaya.

"Da sauran sanyi, Yaya."

A shaguna goma na farko ya kasa. Da allurai sun zube sai ya ga hannunsa ya riga ya kai mari, tun kafin ya tuna da abin da ya fito yi. Yaya tana kallon waje, tana faɗin gidajen da aka rushe da waɗanda aka gina tun rabonta da hanyar. Sai da suka bar gidan burodi, rana ta take, kujera ta fara ƙuna, sannan ya damƙe sitiyari da hannu biyu har jijiyoyinsa suka fito. Ga wani rami da ya sani kamar tafin hannunsa. Ya bar taya ta faɗa.

Allurai huɗu suka kwanta. Ya ji kafaɗarsa tana fizga, ya danne ta. Inji ya ɗaga murya, motar ta yi kamar ta rataye a iska, sannan giya ta harba. Jakar Yaya ta faɗi ƙasa, goshinta ya kusa haɗuwa da gilashi. Daga baya aka ji wata ƙara mai taushi, irin wadda duk mai kiwon kaji ya sani.

"Me ka taka?"

"Ban taka komai ba."

Inji ya sake ɗaga murya. Yaya ta dubi alluran, ta dubi hannayensa biyu a kan sitiyari, ta dubi fuskarsa. Sai ta miƙo hannu ta gabansa, ta buga wurin nan mai sheƙi da tushen tafinta, bugu ɗaya, daidai wa daida. Allurai suka miƙe.

Suka wuce mahaɗa biyu.

"Shiga lungun nan na bayan siton fulawa," in ji ta, ba ta kalle shi ba. "In duba ɓarnar inda ba idon mutane."

"Lungun nan ba ya ɓullewa."

"Yana ɓullewa. Ta nan muke yanke hanya da maigidana."

A wata ranar da ya yi mata musu. Yau ya karya kan motar ya shiga. Lungun dogo ne, katanga dama katanga hagu, yana ƙara tsukewa kamar mazurari. Da suka sha 'yar kwana sai ga sabuwar katangar bulo ta tare gaba, ko fenti ba a yi mata ba. Ya taka birki. Yaya ta tura ƙofarta, ta buɗu faɗin yatsu huɗu ta daki bango. Tasa ma haka.

"To, koma da baya."

Ya ja sanda zuwa ribas, ya taka totur a hankali, sannan da ƙarfi. Inji ya cika lungun da kururuwa, hayaƙi ya dawo musu ta taga. Motar ba ta matsa ko taku ɗaya ba. Ya kashe ta.

"A kira mutane su tura mana."

"Ta ina za su wuce su zo gaban? Ko kyanwa sai ta tsuke ciki."

"To sai yaushe?"

"Sai mai ya huce. Ina jin sai inuwar katangar nan ta rufe bonet."

Inuwar kuwa ko fitilar gaba ba ta kai ba. Gilashin gefen Yaya rabi yake sauka ya tsaya. Iska ba ta shigowa lungun. Daga baya ana jin ɗis, ɗis, ruwan ƙwai yana bin ƙarfen bodi yana sauka ƙasa, ƙudaje sun fara kiran 'yan'uwansu. Yaya ta ɗauki wani kwali tana fifita. Bonet yana ta ƙas-ƙas ɗin ƙarfe mai hucewa.

"Tun yaushe kika san wurin?" in ji Auta.

"Wa kake tsammani ya fara sa shi sheƙi? Maigidana yana tuƙi, ni ina mari. Amma a lokacin sai a yi mako ba ta yi ba."

"Yanzu tara, goma, a yini."

Ta tsayar da fifitar. "Goma? To ina ƙwan da ke fashewa?"

"Suna cikin tumbin 'ya'yana."

Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai dariya ta ƙwace mata, gajeriya, ta tsaya a maƙogwaro. Ta goge ido da gefen mayafi. Shi kuwa ya ga in bai faɗa a nan ba, inda ba mai iya tashi ya bar wani, ba zai taɓa faɗa ba. Ya gaya mata maganar kamfanin magunguna, da gwajin, da hutun rana ɗaya. Ya faɗa yana kallon katangar bulo.

Ta daɗe tana murza bakin tawul ɗin da ke kan dashbod.

"Ba kuɗin gyara nake gudu ba, Auta. Na san in aka gyara ta, kowa ma zai iya janta. In kowa zai iya janta, me zai zaunar da kai? 'Ya'yana kowa ya kama gabansa. Kai kaɗai ka rage mini da kake shigowa gonar nan ba sai na kira ka ba."

"Yaya, ba shigowa nake yi ba. Fita ce na kasa."

Ta juya fuska wajen bangon da ke dab da hancinta, shi ma ya juya wajen nasa. Haka suka zauna, gumi yana bin bayansu, kowa da katangarsa, inuwa tana rarrafowa kan bonet kamar ba ta son zuwa.

Da ta rufe shi, ya ta da mota, ya ja sanda. Jim. Jim. Ƙwas.

A nan ne wani abin da bai taɓa zata ba ya bayyana. Shekarun nan duk, ribas ɗinsa ɗaya ne: daga rumfa zuwa tsakar gona, miƙe sak, tsawon mota biyu. Yanzu ga dogon lungu mai kwana. Ya juya wuya, wuya ya ƙi. Ya dubi madubi, ya rasa wane gefe ne wane. Ya murza sitiyari dama, gindin motar ya nufi inda bai aike shi ba. Madubin gefensa ya goge bango ya karye. Ya gyara, ƙarfen baya ya kankari ɗaya bangon.

"Kai, wai ba direba ba ne kai?" in ji Yaya. Ta cusa kai ta rabin tagar. "Kwanto nan. Nan na ce, gefena. Tsaya. Miƙe. A hankali, kafin ta sake yin zafi mu kwana a nan."

Da kyar da jan hali suka fito titi. Suka sauka suka duba baya. Ƙwai ɗari da talatin da ɗaya ne suka tafi. Yaya ta ƙirga da kanta, ta share hannu da tawul ɗin dashbod, ba ta mayar da shi wurinsa ba. Tsagogin nan biyar suka fito fili.

"Mu ƙarasa rabon abin da ya rage," in ji ta. "Daga nan ka wuce da ni wajen Mai-Wayan naka."

A makon da motar ta kwanta a gareji, Yaya ta ɗauki hayar wata ƙaramar bas da direbanta. Auta ya sa rigar da matarsa ta goge masa, ya tafi gwaji.

Shugaban direbobin kamfanin wani mai tumbi ne da ba ya gaggawar magana. Ya shiga gefe, ya ɗora kofin ruwa cike a kan dashbod, ya ce a je. Auta ya ja motar kamar yana tafiya a kan auduga. Kwana, mahaɗa, birki, tashi, ruwan ko rawa bai yi ba.

"Kai da ƙwai kake ɗauka ne?" in ji shugaban, cikin zolaya.

"Ƙwai nake ɗauka, ranka ya daɗe."

Suna dawowa, dab da ƙofar kamfanin, taya ta faɗa wani ɗan rami. Kafin Auta ya ankara hannunsa ya tashi ya sauke wa dashbod mari. Kofi ya tuntsure a cinyar shugaban. Mutumin ya dubi wandonsa, ya dubi allon da ba abin da ya same shi.

"Me ta yi maka?"

"Sabo ne, ranka ya daɗe. A yi haƙuri."

Shugaban ya yi dariya har tumbinsa na rawa, ya ce wannan ba komai, ruwa ne. Sannan ya nuna masa durom shida da aka jera biyu-biyu zuwa bakin sito, ya ce ya shiga tsakaninsu da baya. Auta ya kayar da uku.

"Malam," in ji shugaban, yana matse wando, "a gaba ban taɓa gwada kamarka ba. A baya kuwa ɗan koyo ya fi ka. Mu kuma motocinmu kullum da baya suke shiga bakin sito, ga mutane na kai da kawo. Ba zan iya ba ka ba. Je ka koyi ribas. In an sake cewa a ɗauka, zan sa surukinka ya kira ka. Kar ka tambaye ni yaushe, ni ma ban sani ba."

Motar ta dawo daga gareji da ribas safe da rana. Mai-Waya ya mayar da sukurorinsa shida, ya ɓare salatif ɗin nan uku, fitilun suka mutu da kansu kamar na kowace mota. Allurai huɗu suna tsaye ƙyam ko an faɗa rami. Yaya ta ɗauki direban bas ɗin nan yana karɓar rabon ƙwai rana ɗaya a mako, bai kuma taɓa kawo ƙara ba. A ranar hutunsa ta farko Auta ya tashi da sassafe, ya sa takalmi, ya zauna a bakin gado yana juya hannu, har matarsa ta ba shi zare ta ce ya warware mata.

Sauran kwanakin yana nan a kan shagunansa ashirin da uku. Har yanzu yana zagaye layi uku kafin ya isa gidan burodi, sai ya iso yake tunawa ba dole. Masu shaguna ba su sauya masa suna ba. In taya ta faɗa rami hannun yakan tashi, ya tsaya a iska, ya koma sitiyari a kunyace. Wayarsa tana aljihun gaba, ya ƙure mata ƙara, kiran bai zo ba tukuna.

Kowace yamma, in an gama kwashe ƙwai, sai ya jera durom shida na ruwan kaji a tsakar gona, biyu-biyu. Yaya takan tsaya a baya inda zai gan ta a sabon madubi, tana yafito shi da hannu. "Zo. Zo. Kwanto gefena. Tsaya." Ta san kowane durom da ya tsallake yana matsar da shi kusa da ƙofar fita, amma ba ta taɓa ce masa zo ba a inda ya kamata ta ce tsaya. Da farko uku yake kayarwa. Yanzu ɗaya ne, na ƙarshe a hagu, kullum shi.

Kai ma gobe, in ka shiga motarka, ko ka zauna gaban kekenka, ko ka zo buɗe ƙofar shagon da kake tsaro, ƙirga abubuwan da kai kaɗai ka san yadda ake lallaɓa su: wanda sai an ɗaga, wanda sai an girgiza, wanda sai an mara. Zaɓi ɗaya. Kira mai abin ya tsaya kusa, ka zura hannunka a aljihu, ka bar shi ya nuna halinsa. Gwada ka gani. Amma ka fara sauke ƙwan.